Filin Tambaya: Ina so in sayi ƙaramar tarakta don aikin gyaran fili

TAMBAYA

Assalamu alaikum Injiniya, barka da ƙoƙari. Ni sana'ata gyaran filin gidaje da makarantu ne a nan Kaduna, baje ƙasa, dasa ciyawa da fulawa, wani lokacin har intalok muna sawa. Shekara bakwai kenan da baro da cebur da yara leburori muke fama, tifa ɗaya ta baƙar ƙasa sai mu wuni muna kwasa daga bakin get zuwa bayan gida, to yanzu Allah ya ɗan buɗa na tara wani abu, inaso in sayi ƙaramar tarakta irin mai bokiti a gaba ɗin nan. Guda biyu na gani. Ɗaya Kubota BX2380 ce daga Amurka aka kawo ta, mita na nuna awa 900 da ɗoriya, bata da kuloci, feda ce kawai in ka taka gaba ta yi gaba in ka taka baya ta yi baya. Ɗayar Yanmar ce ta Japan, tsohuwa, mai giya, da injin kaftu a bayanta, bata da bokiti amma mai ita yace za a haɗa min, kuma kuɗinta bai kai rabin na farkon ba. Sannan ina ganin wasu a YouTube masu lanƙwashewa a tsakiya, Ventrac da Avant, wallahi sun shiga raina. Na taɓa karantawa kace kana da irin wannan ƙaramar, dan Allah ka faɗa min gaskiya abin da ka gani a jikinta kafin in zuba kuɗina.

Baban Hanifa, daga Barnawa

AMSA

Wa alaikumus salam Baban Hanifa, Allah ya ƙara buɗi. Ka kyauta da ka tambaya kafin ka biya, don yawanci wasiƙun da ke zuwa min sai bayan an saya ta kwanta ake rubutowa.

Bari in fara sallamar na YouTube ɗin tukuna. Ventrac a jihar Ohayo ta Amurka ake yinta, kamfanin Toro ma ya saye su a 2020, Avant kuma 'yar Finlan ce. Injina ne masu kyau ba ƙarya, lanƙwasar nan tana sa su zagaye bishiya ba tare da sun yage ciyawa ba, amma kusan komai nasu da matsin mai yake tafiya, kuma kayan da ake maƙala musu nasu ne su kaɗai. Tambaya ɗaya ce: ka san mutum ɗaya a Kaduna ko Abuja da yake da ita, wanda ta taɓa lalace masa ya gyara? In amsar a'a ce to ka ci gaba da kallonsu a waya, ya fi maka sauƙi.

Ita kuma Yanmar ɗin, araha bata ado. Injin Yanmar kam ƙarfe ne, ba a nan matsalar take ba. Waɗannan tsofaffin na cikin gidan Japan don fadamar shinkafa aka yi su, shi yasa kake ganinsu da injin kaftu da taya mai dogayen haƙora, ka shiga da wannan tayar kan ciyawar wani Alhaji da aka yi wa ban ruwa da safe kaga yadda za ta bar maka kunya-kunya kamar za a shuka dawa. Rubutun jikinsu duk da Japananci, lambar wasu ma bata cikin littafin dilolin waje, kuma da yawa basu da ƙarfen kariyar nan na saman direba. Maganar "za a haɗa maka bokiti" ita tafi bani tsoro. Mai walda zai iya ƙera maka bokiti mai kyan gani, amma aksil ɗin gaba da sitiyari da famfon mai ba don ɗaukar kaya aka yi su ba, in ma sitiyarin ba na fawa bane to ranar da ka cika bokitin da ƙasa da hannu biyu za ka riƙa kokawa da shi. In noman rani za ka yi sai ince ka duba ta. Don aikinka dai a'a.

Saura Kubota, kuma tawa 'yar gidansu ce, shekara huɗu kenan tana hannuna. Ka fara sanin girmanta don kar ka sa rai da abin da ba zata iya ba. Injin gas ne mai silinda uku, ƙarfin doki ashirin da 'yan kai, faɗinta bai kai ƙafa huɗu ba don haka tana shiga lungun da babbar Massey 375 ko leƙawa ba zata yi ba, bokitin kuma abin da zai ɗaga bai wuce kilo 300 da wani abu ba, kace buhun siminti shida. Kwasar ƙasar tifa, baje ta, jan yashi, yankan ciyawa, nan kam sai dai ka gode Allah, aikin da yara shida ke wuni a kai kafin azahar ka gama. Amma ba feloda bace. Marmara busasshiya ta watan Maris ba zata haƙa maka ba, in ka matsa mata taya ce kawai zata yi ta juyawa mai yana zafi. Wani alherin da ƙanƙantarta ta jawo: a Amurka injin da ya kai doki 25 zuwa sama dokar hayaƙi ta fi matsa masa, shi yasa sababbin manyan ke zuwa da tukunyar tace hayaƙi a salansa wadda sai gas mai tsabta sosai take so, ita wannan tana ƙasa da 25 bata da wannan jidalin. Da irin gas ɗin da muke samu a wasu wurare wannan ba ƙaramin abu bane.

Yanzu ga inda nake so ka buɗe kunne. Fedar nan da ta burge ka, ba giya take sawa ba, famfo ne yake tura man haidirolik da matsi mai ƙarfi zuwa wata 'yar na'ura da matsin man ke juyawa, ita ke juya tayoyin. Man nan ɗaya shi ke tafiyar da ita, shi ke ɗaga bokiti, shi ke juya sitiyari, shi ke ɗaga abin da ka rataya a baya. Kaga kenan ran motar gaba ɗaya yana cikin man. Kuma cikin famfon nan tazarar da ke tsakanin ƙarafa ko gashin kai bai shiga, ƙura kaɗan ta ishe shi.

Ni da kaina na sha. A shekarata ta biyu tiyo ɗaya ya fashe muna aiki a wata makaranta, mai ya zube, ina sauri in gama na kira wani bakanike da ke kusa, ya je aka matse mana sabon tiyo, wannan lafiya lau. Sai ya dawo da mai a galan ɗin awo, wai ai duk haidirolik haidirolik ne, ya yanke gorar ruwa ya yi mazurari, goran ma daga ƙasa ya ɗauke ta ya goge da rigarsa, ina tsaye ina kallo ban ce komai ba don hankalina na kan aiki. Wata biyu bayan nan da safe garau take tashi, amma da ta yi awa ɗaya ta ɗau zafi sai ta fara wani kuka siriri kamar an take wutsiyar mage, ɗan tudun da take hawa da kaya a da sai ta tsaya tana nishi. Sati bakwai ta yi a ƙarƙashin bishiyar mangwaro ina jiran kaya daga waje, kaji har ƙwai suka fara yi a ƙarƙashinta, ayyuka biyu suka wuce ni. Tun daga ranar man da littafinta yace, Super UDT2 ko wanda ya yi daidai da shi a rufaffiyar jarka, shi kaɗai nake zubawa, mazurarin ma a leda yake a ɗaure kuma ba na ara wa kowa.

To in za ka je dubawa, ka ce wa mai ita kar ya tayar kafin ka zo, ka isa ka dafa injin da hannu ka ji da sanyi, don mai wahalar tashi da safe in an ɗumama shi ba ka ganewa. Zaro sandar awon man baya ka duba, in ya yi fari-fari kamar koko ruwa ya shiga, in yana warin ƙuna ya sha zafi. Ka cika bokiti da yashi ka ɗaga sama ka kashe injin ka je ka sha ruwa, in ka dawo bayan minti goma ya sauko sosai to sil ɗin silinda ko bawul sun gaji. Sannan kar ka yarda da zagaye ɗaya a fili, ka roƙi awa guda cur kana aiki da ita har mai ya yi zafi, a nan mai ciwo ke tona kanta kamar yadda tawa ta yi. Awa 900 ba yawa bane ga injin Kubota in gaskiya ne, amma mita ana canja ta, ka dubi robar feda da kujera da yadda fil ɗin bokiti ke girgiza, su basa ƙarya. Ka kwanta ka leƙa ƙarƙashi kuma, akwai wata 'yar fanka ta roba da ke sanyaya famfon tafiya, masu BX ko'ina suna kuka da ita don kara ɗaya in ya soke ta fukafukan sun tafi kuma ba za ka sani ba sai mai ya dahu. Ni faranti na sa aka yanka min a Panteka na rufe wajen. Abu ɗaya dan Allah, in kana neman inda tiyo ke yoyo kar ka shafa da hannu injin na aiki, kwali ake karawa, man nan ta ɗan hujin da ido bai gani yana huda fata ya shiga nama, kuma aikin tiyata ne.

Duk wannan da na faɗa na mutum ɗaya ne. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, don haka kafin ka biya ka nemo mutum biyu ko uku da suka yi aƙalla damina biyu da hunturu biyu da irinta a ƙasar nan, masu kula da filin ƙwallo, manyan otal, gonakin kaji, wajen su ake samu. Kar ka tambaye su "tana da kyau?" kowa zai ce maka eh, ba wanda ke son ace ya yi asarar kuɗi. Tambaye shi kwana nawa ta yi a kwance bara kuma me ya kwantar da ita, a ina yake sayen filtar mai da ta iska, wa ke taɓa masa ita, lambar bakaniken ma ka karɓa. Ka tambaye shi da hunturu sau nawa yake busa ragar lagireto, ni kullum ne in ƙura ta sauko. In ya yarda ka biya shi hayar kwana biyu ka kai ta wajen aikinka da direbansa, abin da za ka gani a kwana biyun nan ya fi duk surutuna.

In ta tsallake duk wannan ni dai ina ganin ka saya, amma kar ka ƙarar da kuɗin a kanta. Ka ware na filtoci saiti biyu da jarkar mai tun ranar farko, da bindigar giris don fil ɗin bokiti duk awa 10 na aiki suke so, da nauyin da za ka rataya a baya, don bokiti cike ba komai a baya ƙafar baya ɗagewa take yi, a gangare kuma kifewa ce. Ka kuma yi tunanin yadda za ka riƙa kai ta wajen aiki, ba motar da za ka hau titin Kachia da ita bace, sai an ɗora ta a tirela ko bayan motar ɗaukar kaya irin Kanta. Yaranka kuma ka ja musu kunne tun wuri ba a hawa cikin bokiti, na san halinsu, ranar farko za su fara.

Masu karatu da ke da BX ko wata ƙaramar irinta a Kaduna, Zariya ko Abuja, ku rubuto mana inda kuke samun filtar famfon tafiya ta asali, don ni har yau sai na yi saƙo Legas.