Amsa ga Bakanon da ke son kai iyalinsa Ankara hutu

Jiya da daddare a teburin mai shayi nan Fagge wani bawan Allah ya ji ina waya da gida, ina kashewa ya ce Alhaji don Allah kai Bahaushe ne ko koya ka yi? Na ce masa haifaffen Sabon Zango ne ni a Ankara, babban birnin Ghana, wanda ku kuke kira Accra. Sai ga shi ashe yana son kai iyalinsa can hutu amma yana tsoron abinci da wurin sallah, kuma wai ya ji an ce mu Hausawan can mun auri 'yan ƙasa mun narke. Har shayina ya huce ban gama ba shi amsa ba, shi ya sa na ce bari in rubuta.

Malam, maganar sallah ka cire ta daga lissafi. Nima, Mamobi, Fadama, Madina, duk inda ka sauka ladan ne zai tashe ka da asuba, ga babban masallacin ƙasa a Kanda da Turkawa suka gina aka buɗe a 2021. Abinci kuwa dariya ma ka ba ni wallahi, waakye ɗin da duk Ghana ke layi a kansa da safe wake da shinkafa ne aka dafa da karan dafi, sunan ma namu ne, haka tuo zaafi tuwo mai zafi ne, kokon da ake sha da ƙosai kuma Hausa koko suke ce masa har gobe.

In ka sauka ka fara da Jamestown, tsohon garin ƙabilar Ga, su ne masu ƙasar. Za ka ga doguwar hasumiyar fitilar jiragen ruwa mai fenti ja da fari, kusa da ita tsohon gidan yarin James Fort da Turawan Ingila suka gina a 1673, gaba kaɗan Ussher Fort na mutanen Holan tun 1649, duk an tsare bayi a cikinsu kafin a loda su jirgi. Sai 1877 Turawa suka ɗauke hedikwata daga Cape Coast suka dawo da ita Ankara. Kabarin Nkrumah, shugaban Ghana na farko, da dandalin Black Star ba nisa, rana ɗaya ta ishe su. Amma kar ka je bakin ruwa ran Talata kana son ganin jirage suna sauke kifi, masuntan Ga ba sa shiga teku ranar.

Ni wannan na san shi ne ta wajen kakata, don ita Ga ce, 'yar masunta. Kakanmu daga nan Kano ya tashi fataucin goro, ya yi Kumasi, ya gangara bakin teku ya gan ta tana ƙyafa kifi, shi ke nan bai dawo ba. Ta musulunta, ta yi 'ya'ya bakwai, ita ce ke kora mu makarantar allo da bulala a hannu, in ta fusata kuma da yaren Ga take yi mana faɗa. Ran Talata take kai mu wajen 'yan uwanta mu ci dokunu, wato tuwon masara mai tsami, da soyayyen kifi da miyar barkonon da suke kira shito har hanci na yoyo. To wannan matar ce ake nufin ta narkar da mu? Ku nan Kano wa bai haɗa jini da Fulani ko Barebari ko Nufawa ba, amma namu auren ne kaɗai ya zama abin tambaya.

Abin da ya fi min ciwo, a 1969 gwamnatin Busia ta ce baƙi marasa takarda su fita, ƙannen babana biyu da ba su taɓa ganin Najeriya ba aka sa su a mota. Can an ce musu baƙi, suka iso Kano aka sa musu 'yan Gana, jikokinsu ma a nan aka haife su amma sunan bai fita ba.

Hausarmu kam na yarda ta sha ruwan teku. Mukan ce matata ya zo, ƙasa da kasa duk ɗaya ne a bakinmu, ni ma sai da na yi shekaru ina zirga-zirgar Kantin Kwari kafin harshena ya ɗan miƙe, kuma har yanzu yaran shago suna kwaikwayona in na juya baya, ina jin su. Amma da wannan Hausar ake ɗaura aure a Zango, da ita ake raɗa suna ran bakwai, da ita Bafrafra da Bamoshi da Bazabarme ke ciniki a kasuwar Nima.

Biza dai babu tunda ECOWAS ce, fasfo da katin rigakafin shawara kawai za ka riƙe. Ka taho wa Hajiyarmu da kilishi da daddawa, in ta leƙo ta ce matarka ya gaji ya shigo ciki, don Allah ka ce to kawai, kar ka gyara mata.