Lebura ya faɗo daga bene: wa zai ɗauki nauyinsa?

Tambaya: Ni ƙaramin ɗan kwangila ne a Kaduna, ina gina wa wani Alhaji bene mai hawa uku. Makon jiya wani lebura ya faɗo daga hawa na biyu da kwanon kankare a ka, ya karye a cinya. Na biya kuɗin asibiti na ranar farko, amma 'yan'uwansa sun ce sai na ɗauki nauyinsa har ya warke. Shi kuwa ɗan yini ne, kullum da yamma ake sallamarsa. Kuma na raba hulunan kwano, su ne ba sa sawa. Me doka ta ce?

Amsa: Malam, Allah ya ba shi lafiya, ya kiyaye gaba. Amma maganar "ɗan yini ne" ba za ta fisshe ka ba. Dokar biyan diyyar ma'aikata ta 2010 ba ta ware ɗan yini daga mai albashin wata ba. Duk wanda ka sa aiki kana biyansa, ko da baki kuka yi yarjejeniya, ko yaron da ke koyon sana'a ne, ma'aikacinka ne. Kuma ba a tsayawa neman mai laifi kafin a biya diyya, matuƙar a bakin aiki raunin ya same shi.

Tsarin shi ne mai ba da aiki ya yi rajista da hukumar NSITF mai kula da asusun diyyar ma'aikata, yana zuba kashi 1 cikin 100 na jimillar abin da yake biyan ma'aikata duk wata, daga aljihunsa, ba daga ladansu ba. Ran da tsautsayi ya faɗa, asusun ke ɗaukar jinya da diyya. Shi mai rauni ko danginsa suna da kwana 14 su sanar da kai, kai kuma kwana 7 ka kai rahoto ga hukumar daga ranar da abin ya faru. In ba ka yi rajistar ba, kamar yawancin ƙananan 'yan kwangilarmu, to ka shirya, nauyin kanka zai dawo, kuma dangin suna iya kai ka Kotun Ma'aikata. Ga wata kuma: tun dokar inshora ta 2003 aka wajabta inshora ga duk ginin da ake kan yi wanda ya haura hawa biyu. Ka tambayi Alhajin ko an yi, don shi ma da sauran magana a kansa.

Batun hula kuwa, raba ta ba shi ne ƙarshen aikinka ba, sai ka ga an sa. Sannan hular kwano kai take karewa daga ɓaraguzan bulo ko guduma da ta suɓuce daga sama. Ba ta hana mutum faɗowa. Abin da nake so in sani shi ne a kan me yaron yake tafiya. Na sha shiga wurin gini in tarar da katako ɗaya tal, ya sha siminti har ya yi santsi, an ɗora shi a kan gora da ƙusa biyu, mutum goma suna hawa da sauka a guje saboda ana zuba dakin, wato rufin kankare na bene, kuma injin kwaɓa ba ya jira. In ka yi magana, birkila ya ce shekara ashirin yana haka. To, ba kullum ake kwana a gado ba.

Duk inda mutum zai yi aiki sama da mita 2, wurin takawa ya zama katako a jere ba gibi, a kafe shi, a sa makari a gefe mai tsayin kusan mita 1, da wani a tsakiya. Bakin dakin da ramin matakala su ma a kewaye su. Tsani a ɗaure kansa, ya zarce bakin bene da kamar mita 1, gindinsa kuma ya ja baya taku ɗaya a duk taku huɗu na tsayi. Kuɗin wannan duka bai kai na ɗorin cinya ɗaya ba.

Yanzu dai ka ci gaba da jinyarsa, kana adana kowane rasit. Ka rubuta ranar da abin ya faru, da lokaci, da waɗanda suka gani, ka ɗauki hoton wurin kafin a gyara. Ka je ofishin NSITF ka faɗa musu gaskiya. In za ku yi sulhu da danginsa, a yi a rubuce gaban shaidu, bayan lauya ya duba. Kada kowa ya sake hawa wannan dandamalin sai injiniyan da ke kula da ginin ya gani da idonsa.