In bar satalayit in koma faiba?

Tambaya: Ina da gidan kallon ƙwallo a Kano. Da hadari ya haɗo sai hoto ya daskare, 'yan kallo su cika ni da hayaniya. Yanzu an ja wayar faiba ta layinmu. In koma can?

Amsa: Malam, ka shiga faiba, amma kada ka sauke farantinka tukuna. Ruwan sama mai ƙarfi yana cinye siginar da ke saukowa daga tauraron ɗan adam. Faiba kuwa haske ne ke gudu a cikin zaren gilashi siriri kamar silin gashi, ba ruwansa da hadari ko tsawa. A waya mai kyau, hasken kan yi kusan kilomita 15 kafin ya rasa rabin ƙarfinsa.

Inda ake yin asara shi ne cikin gida, kuma nan nake so ka sa ido. Idan aka lanƙwasa wayar da ƙarfi a kusurwar bango, ko ƙofa ta matse ta, haske zai tsiyaye. Ƙurar hunturu ma, ɗan ƙanƙanin da ido bai gani, idan ta zauna a bakin kan wayar sai ta rage sigina. Kawunan da ake jona wayar da su iri biyu ne, kore da shuɗi. Bakin koren a karkace yake, saboda haka ba a haɗa shi da shuɗi. Ranar da za a saka maka, ka ce wa injiniyan ya auna hasken da mita a gabanka. Akwatunan da wayar faiba ke shiga a gida galibi suna aiki ne idan mitar ta nuna ƙarfin haske tsakanin -8 da -27, kuma -27 ne mafi rauni. Idan ya nuna -26, kada ka karɓi aikin, don kana bakin gaɓa. Kuma don Allah kada kowa ya leƙa bakin wayar, hasken ba a ganinsa amma yana cutar da ido.

Intanet kawai faiba za ta kawo maka, kuɗin tashoshin ƙwallo daban ne. Kowace talabijin ka haɗa ta da rauta, wato na'urar da ke rarraba intanet, ta waya, kada ka dogara da Wi-Fi. Ka sani kuma kallo ta intanet yakan yi jinkirin daƙiƙoƙi, maƙwabcinka mai satalayit zai riga ka ihun cin ƙwallo.

Abin da ya sa na ce ka bar farantin shi ne masu aikin titi da magudanar ruwa. Suna yawan tsinka wayar a wajen haƙa, kuma gyara yakan ɗauki kwanaki. Ranar da ka ga fitilar LOS ta jikin akwatin faiba ta yi ja, wato sigina ta yanke, dikodarka ce za ta fitar da kai kunya.