Kafson gyaran hanji: a saya wa tsofaffi ko a bari?

Tambaya: Mahaifiyata ta haura shekara 65, lafiyarta lau sai taurin bayan gida jefi-jefi. Ina yawan ganin tallan kafson furobayotik, wato kafso mai ɗauke da ƙwayoyin bakteriya masu rai, wai yana gyara hanji. In saya mata?

Amsa: Allah ya saka miki da alheri, ya ƙara wa Mama lafiya. Shawarata, ki dakata da kafson tukuna, ki fara da kwanon abincinta.

A babban hanji akwai tiriliyoyin ƙwayoyin bakteriya, kuma abincinsu shi ne faiba, wato ɓangaren tsirrai da cikinmu ba ya iya narkarwa. Idan suka ci shi, sai su samar da sinadaran da ke ciyar da bangon hanji da rage kumburi. Da girma ya zo, haƙora sun yi rauni, sai mutum ya koma cin abinci mai laushi da aka tace, ƙwayoyin su rasa abin ci. Nan matsalar takan fara, kuma kafso ba zai cike wannan giɓin ba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce babba ya samu aƙalla giram 25 na faiba a rana. Wake, hatsin da ba a cire wa dusa ba, ganyaye, albasa da 'ya'yan itatuwa su ne hanya. A dafa su yi laushi, a ƙara kaɗan-kaɗan don gudun kumburin ciki, ta riƙa shan ruwa sosai.

Ko ƙungiyar likitocin ciki ta Amurka, a 2020, ba ta goyi bayan shan furobayotik ba a yawancin cututtukan ciki. In har likita ya ce a saya, ki duba a jikin kwalin cikakken sunan nau'in bakteriyar da ke ciki da adadin masu rai har zuwa ranar lalacewarsa. Mai raunin garkuwar jiki kada ya sha sai da izinin likita. Idan kuma kika ga jini a bayan gida ko rama ba dalili, asibiti za ku nufa, kada a tsaya sayen komai.

Tambaya: Tunda yogot ma yakan ɗauki irin waɗannan ƙwayoyin bakteriya, wane yogot ne ya fi?

Amsa: Wanda ba a zuba wa sukari ba, kuma aka rubuta a jikinsa cewa yana ɗauke da ƙwayoyi masu rai. Wanda aka sake dafawa bayan ya yi tsami don ya daɗe a ajiye, ƙwayoyinsa sun mutu.