Tambayoyinku: Shin Dole Ne a Hukunta Yarinyar Cikin Labarin?

TAMBAYA: Assalamu alaikum, Malam. Ni malamar firamare ce, asalinmu Mai Wurno a ƙasar Sudan, amma a Wad Madani muke zaune har zuwa Disambar 2023, lokacin da yaƙi ya iso garin muka gudo Gadarif. Ina rubuta wa yara labarin wasu iyali da suka rasa gidansu, suna kwana a ajin makaranta. A cikinsa kakar wata yarinya 'yar shekara goma ta rasu, amma yarinyar ta ci gaba da karɓo rabon mutum shida a takiyya, wato wurin da ake dafa abinci a raba wa mabuƙata kyauta, alhali su biyar suka rage, saboda ƙaninta ba ya ƙoshi. Maigidana ya ce labarin zai koya wa yara ƙarya idan ba a kama ta an hukunta ta ba. Yaya zan yi da ƙarshensa? Daga wata malama a Gadarif.

AMSA: Wa alaikumus salam, Malama. Allah ya mayar da ku gida lafiya. Damuwar maigidanki tana da tushe, amma ban ga cewa hukunci ne maganinta ba. Tun da yaƙi ya ɓarke a Khartum ranar 15 ga Afrilun 2023, mutane fiye da miliyan goma suka bar gidajensu, kuma makarantu da yawa a Gadarif da Kasala suka koma wurin kwanan 'yan gudun hijira. Ke nan daga cikin yaran da za su saurari labarinki akwai waɗanda suka tsaya a irin wannan layi da kwano a hannu, kuma idan suka ji an tona asirin yarinyar a gaban jama'a an kunyata ta, abin da zai shiga zukatansu shi ne cewa yunwarsu laifi ce.

Addininmu ma bai yi mata wannan tsanani ba. Hadisi ya tabbata cewa an ɗauke alƙalami daga kan yaro har sai ya balaga, kuma Sayyadina Umar ya dakatar da haddin sata a shekarar yunwar da ake kira Amur Ramada, wato shekara ta 18 bayan Hijira. Wannan ba ya mayar da ƙarya halal, sai dai yana nuna cewa ana duban halin da mutum yake ciki kafin a yanke masa hukunci.

Abin da labarinki yake buƙata shi ne yarinyar ta ga inda rabon nan na shida yake fitowa. Tukunyar takiyya tana da iyaka, don da gudummawar mutanen unguwa da 'yan uwa na ƙasashen waje ake cika ta. Ki sa wasu sababbin baƙi su sauka a bayan labulen da ya raba ajin, 'yarsu ta zama ƙawarta, sannan wata rana abinci ya ƙare kafin layi ya kai kan ƙawar. Daga nan zaɓin ya zama na gaske, domin ƙaninta yana gefe guda, ƙawarta tana ɗaya gefen, kuma duk wanda ta zaɓa akwai abin da za ta rasa. Ko ta faɗa wa mahaifiyarta, ko ta raba kisirar da ta karɓo (gurasar dawa) biyu a ɓoye, ko ta je wurin mai rabo da ƙafarta, duk suna iya zama ƙarshe mai kyau, muddin daga zuciyarta abin ya fito.

Abu ɗaya nake roƙon ki guje masa, wanda marubutanmu suke yawan faɗawa cikinsa: kada wani attajiri ya ɓullo a shafin ƙarshe ya ba su gida ladan gaskiyarta. Yaran nan sun ga masu gaskiya da yawa da har yanzu ba su koma gidajensu ba, ba za su yarda ba. Haka kuma kada ki mayar da iyayen ragwaye. Uban da yake fita aikin gonar dawa ko ta riɗi ya dawo da abin da bai isa ba, ya cancanci a nuna shi da mutuncinsa.

Ranar da za ki karanta shi a aji, ki tsaya kafin ƙarshe ki tambayi yaran abin da suke ganin yarinyar za ta yi, amma kada ki tambayi wane ne a cikinsu ya taɓa kwana a makaranta. Wanda yake son faɗa zai same ki bayan an tashi.