Ta yaya ake auna lafiyar wanda ya daɗe a kan na'urar numfashi?

Tambaya: Mahaifina ya yi wata guda a kan na'urar taimakon numfashi, har an huda masa maƙogwaro an sa bututu. Oksijin ɗinsa na nuna 97, amma likitoci sun ce da saura. Me suke dubawa?

Amsa: Allah ya ba Baba lafiya. Wanda ya yi kwana 21 a jere na'urar tana taimaka masa aƙalla awa 6 kullum, shi ake cewa ya daɗe a kanta. Lambar 97 ɗin kuwa aikin na'ura ce da oksijin da ake ƙara masa, ba ƙarfinsa ba. Kuma abin auna oksijin da ake maƙala wa yatsa yakan nuna sama da gaskiya a masu baƙar fata, shi ya sa ake ɗibar jinin jijiya a tabbatar, a kuma ga yawan kabon dayoksaid, wato gurɓatacciyar iskar da jiki ke fitarwa ta numfashi.

Babban abin dubawa shi ne tsokar numfashi da ke raba ƙirji da ciki. Idan na'ura ta karɓe mata aiki, cikin 'yan kwanaki take ramewa. Don haka ake rage taimakon, a bar shi ya yi numfashi da kansa na minti 30 zuwa 120. A raba yawan numfashinsa na minti guda da yawan litar iskar da yake shaƙa a kowane numfashi: sau 20 da lita 0.4 ya ba da 50, alama mai kyau. Sau 30 da lita 0.25 ya ba da 120, wato ya haura iyakar 105 da likitoci ke dubawa, alamar bai shirya ba. Gumi, haki da bugun zuciya da sauri na sa a tsayar da gwajin nan take. Ƙarancin sinadarin fosfet a jini, anemiya (ƙarancin jini), ko ruwa a huhu kan kayar da shi a gwajin, kuma galibi suna gyaruwa.

Ana gwada ƙarfin hannu da ƙafa. Maki ƙasa da 48 cikin 60 a wannan gwaji raunin tsoka ne da tsananin jinya ke jawowa. Ana duba ko yana gane mutane, ƙarfin tarinsa, fitsari, abinci da gyambon kwanciya. Zazzaɓi da sauyin launin kaki na iya nuna ciwon huhu. Don kauce masa ake ɗaga kan gado digiri 30 zuwa 45.

Ku riƙa tambayar likita kullum: awa nawa Baba ya yi yau yana numfashi da kansa, kuma ya fi na jiya?