Amsa ga ɗan'uwan da ya samu gurbi a makarantar kasuwanci a Jidda

Assalamu alaikum. Ɗan'uwa, na karanta tambayarka sau biyu, domin kamar da bakina ka yi ta. Ka ce makarantar da ta ba ka gurbin digiri na biyu tana alfahari da cewa ɗalibanta sun fito daga ƙasashe daban-daban, amma a wajen ganawa an yi ta nanata maka maganar dacewa da al'adar makaranta, har ka fara tsoron ko sai ka ajiye Hausancinka a bakin ƙofa kafin a karɓe ka. Duka maganganun biyu gaskiya ne, sai dai yawan ƙasashe a ofishin ɗaukar ɗalibai ake ƙirga shi, ita kuwa dacewa, a zaman hirar dare ake yanke hukuncinta.

A shekarar 2023 an haɗa mu rukuni na mutum biyar: Saudawa biyu, Bamasare ɗaya, ɗan Pakistan ɗaya, sai ni. A Makka aka haife ni, a Shari' Mansur na tashi, Larabcin Hijaz kuwa da shi nake mafarki, don haka na ɗauka ba ni da wata matsala. Ranar Alhamis da daddare uku daga cikinmu suka haɗu a wata istiraha, wato gidan shaƙatawa, a wajen gari, suka ci kabsa, shinkafa da nama irin ta Saudawa, suka raba aikin gaba ɗaya, ba wanda ya kira ni. Da safiyar Lahadi na shigo da shafi goma sha biyu da na kwana ina rubutawa, sai shugaban rukunin ya ture su gefe ba tare da ya buɗe ba, ya ce, "Ya Takruni, kai ka riƙe mana kwamfuta ka riƙa sauya shafi." Aka yi dariya, ni ma na yi, kuma wannan dariyar tawa ita ce har gobe take ci mini rai. Ka san nauyin kalmar nan, da ita ake kiran baƙar fata 'yan asalin Afirka ta Yamma, sau da yawa don raini. Mutumin da na ba aron littafina, na kuma gyara masa lissafinsa sau biyu! Bai taɓa ba ni haƙuri ba. Ranar da muka kammala karatu ma ya rungume ni ana ɗaukar hoto kamar ba a yi komai ba.

Abin da ya sauya zamana a ajin shi ne darasin fitar da dabino zuwa Afirka ta Yamma. A watan Yunin shekarar ne Babban Bankin Nijeriya ya haɗe farashin canji, dala ta tashi daga kusan naira 460 zuwa sama da 700, kuma duk lissafin da 'yan ajin suka yi a kan tsohon farashi ne. Na bayyana musu yadda ɗan kasuwar Kano yake karɓar kaya bisa amana ta hannun dillali, ya biya bayan ya sayar, da yadda faɗuwar naira take cinye ribar mai kaya kafin kuɗinsa su dawo. Daga ranar malamin ya riƙa neman ra'ayina da sunana.

Saboda haka kada ka ɓoye asalinka, domin shi ne hajar da babu mai ita a ajin sai kai. Amma ka je zaman dare ko da ka gaji. Ka karɓi gahawa da hannun dama, idan ta ishe ka ka girgiza finjalin. Kada ka jira gayyata kamar yadda na yi. Ɗan Pakistan ɗin nan shi ma ba a kira shi ba, sai ya gayyace su cin biriyani a gidansa, ni ina gefe ina fushi. Idan wani ya kira ka da wancan sunan, ka tsayar da shi nan take cikin ladabi, kada ka yi dariya.

Kafin ka biya kuɗin makaranta, ka nemi tsohon ɗalibi baƙar fata ka tambaye shi ko malami ne yake raba rukuni ko ɗalibai ne suke zaɓar junansu. Idan kuma da iƙama, wato takardar izinin zama ta baƙi, kake zaune, ka tambayi ofishin samar da aiki ƙarara baƙi nawa suka samar wa gurbi bara, tunda tsarin Niɗaƙat na 2011 ya ɗora wa kamfanoni kason 'yan ƙasa da dole su ɗauka. Idan ka shigo Jidda ka yi mini magana ta akwatin saƙo, in haɗa ka da mutum biyu da suka gama kwanan nan.